Rauta Biyu a Gida Ɗaya

Shekarun baya, lokacin ina gwauro a gidanmu na gado a unguwar Ali Kazaure, cikin Jos, na taɓa shiga wata rigima da intanet wadda ta kusa jawo wa ƙanwata asarar shekara guda. Jiya wani ya tambaye ni a wannan dandali yadda zai kai waifai, wato intanet marar kebul, ɗakunan bayan gidansa, shi ne abin ya faɗo mini a rai, na ce bari in ba ku labarin.

Ni malamin sakandare ne, labarin ƙasa nake koyarwa. Sanina da kwamfuta a lokacin bai wuce buga tambayoyin jarrabawa da duba sakamakon ƙwallo ba. Amma tunda ni na sayo rauta a gidan, wato ɗan akwatin nan da ake sa wa sim ya riƙa raba intanet, sai aka ɗauka duk wani abu mai fitila yana ƙyaftawa na san ciwonsa. Ni kuma ban taɓa musantawa ba.

Gidan nan kakanmu ne ya gina shi tun zamanin haƙar kuza, da dutse da laka, bangonsa kauri kamar me. Sabis ba ya shiga sosai sai ta tagar ɗakina da ke kusa da zaure, don haka nan na ajiye rautar. Ɗakin mahaifiyata da na ƙanwata kuwa suna can ƙurya, bayan tsakar gida. Waifai kan zo har bakin rijiya ya tsaya. Idan mahaifiyata za ta kira yayata da ke aure a Fatakwal don ta ga jikanta ta bidiyo, sai ta jawo kujerar tsugunno ta zauna a ƙofar ɗakina. Haka muke, ba wanda ya damu.

Sai ƙanwata ta gama karatun akanta, ta yi rajistar wata jarrabawar ƙwararru da ake rubutawa ta intanet daga gida. Dokokinta masu tsauri ne. Kamara za ta kasance a kunne, wani mai sa ido yana kallonka daga inda yake, ba a yarda kowa ya shigo ɗakin ba, ba a yarda a ji hayaniya ba. Idan kuma intanet ta yanke ta daɗe ba ta dawo ba, an soke takardar ke nan, sai wata shekara. Kwamfutar da take da ita ta tebur ce, tsohuwa, ba ta kama waifai sai an soka mata kebul.

Da farko na ce ta kawo kwamfutar ɗakina ta rubuta a nan. Ta kalle ni ta ce, "Yaya, injin markaɗen da ke jikin bangonka fa? Ko shi ma za ka ce ya yi shiru ina jarrabawa?" Gaskiyarta ce. Dole dai intanet ce za ta je ta same ta a ƙurya.

Ina da wani aboki, ɗan ƙabilar Ibo, haifaffen Anguwan Rukuba, tare muka yi firamare. Yana da shagon kayan wuta, irin su waya da soket da ƙwan fitila. Hausarsa gudu take yi kamar ruwa, sai dai har yau ba ta raba mace da namiji. Da na kai masa maganar ya ce, "Malam, wannan ba wahala. Ina da tsohon rauta a gida, ba na amfani da shi. Mu ja kebul daga ɗakinka zuwa baya, mu sa shi a can. Ƙanwarka zai samu, Mama ma zai samu."

Haka muka yi wata Asabar. Muka jawo dogon kebul daga rautata, muka bi da shi ta saman ƙofa, ta ƙarƙashin rufin kwano, muka zagaye tsakar gida, yana buga ƙananan ƙusoshi ni ina riƙe masa tsani. A ɗakin ƙanwata muka soka shi a bayan tsohuwar rautar, muka ɗauko gajeren kebul muka haɗa ta da kwamfuta. Nan take shafin intanet ya buɗe. Wayar mahaifiyata ma ta kama waifai daga kan gadonta. Ranar ta kira Fatakwal tana kishingiɗe, tana nuna wa yayata labulen ɗakinta kamar wadda ta tare a sabon gida. Ta sa aka zubo wa abokina gwate, faten nan namu na Jos, ya cinye ya nemi ƙari.

Murnar ba ta daɗe ba. Bayan 'yan kwanaki ƙanwata ta same ni ta ce kwamfutar tana nuna an haɗa, amma ba abin da ke buɗewa. Na je na duba, na kashe na kunna, ta dawo. Washegari kuma ta sake. Wayoyi ma suka shiga irin wannan hali: alamar waifai a cike taf, amma saƙo ba ya fita. Abin haushin shi ne ba kullum ba ne. Wani lokaci a wuni lafiya lau, wani lokaci kuma tun hantsi abu ya ƙi. Har nawa ɗakin, da a da ba ya ba ni matsala, ya fara yi.

Na fara da ɗora laifi a kan kamfanin layin, kamar yadda kowa ke yi. Na kira su, wata mai murya mai daɗi ta ce komai lafiya a wajensu, in kashe in kunna. Sai na koma kan damina, tunda lokacin ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, irin na Jos mai zuwa da sanyi. Na ɗaga rautata na ɗora ta kan tarin littattafai a bakin taga, har na ɗaure ta da igiyar takalmi kada ta faɗo. Abokina kuwa ya kafe a kan cewa kebul ne. Ya zo ya yanke kawunan kebul ɗin ya sa sababbi, ya ce yanzu an gama. Ba a gama ba.

Daga nan na yanke hukuncin cewa yawa muka yi. Wata rana muna cin abinci na ce, cikin muryar da nake yi wa ɗalibai magana, "Intanet ɗin nan kamar famfo ce. In kowa ya tara bokiti, ba mai samun ruwa. Kowa ya rage har a gama jarrabawar nan." Na canza faswad, wato kalmar sirrin waifai, na yanke 'ya'yan maƙwabta da ke zama a dakalinmu suna ɗan tsotsa. Na ji a raina na yi aikin gwani. Matsalar ko gezau.

Ana nan sai ranar gwaji ta zo. Masu jarrabawar kan ba da dama a gwada kayan aiki kafin ainihin ranar. Ƙanwata ta zauna, ta kunna kamara, ta fara. Ana cikin yi aka ɗauke wuta, na ruga na tayar da janareto, komai ya kunnu, amma intanet ba ta dawo ba. Ta zauna tana kallon wani abu yana ta juyawa a kan allon kwamfutar har lokacin ya ƙare. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi mini faɗa ba. Ta kashe kwamfutar, ta ce, "Da yau ce ranar, shi ke nan ko?" Na ce za a gyara. Ta ce, "To, Yaya." Wannan "to" ɗin ta fi zagi ciwo, don na san watannin da ta shafe tana karatu, ta bar zuwa biki da suna, ga kuma wani ofis da ya ce zai ɗauke ta aiki in ta ci.

A cikin makon ne yayata ta kira ni daga Fatakwal, hankalinta a tashe. Ta ce, "Kai, lafiyar Mama kuwa? Kwana da kwanaki wayarta a kashe. Ko kuna ɓoye mini wani abu ne?" Na ce Mama na nan ƙalau, yanzu ma na bar ta tana ferayar dankali. Na shiga na tambaye ta. Ta ɗaga filo ta nuna mini wayar, a kashe, an naɗe ta da ɗankwali.

"Ba kai ka ce mun yi yawa ba?" in ji ta. "Na ce bari in cire nawa bokitin. Yaron nan ba inda zai je, in an gama jarrabawa na gan shi."

Na ce mata ai kiran minti kaɗan ba ya hana komai. Ta ce ita dai ba ta so a ce ita ta tare wa 'yarta hanya. Na kunna mata wayar da hannuna, na fita tsakar gida na tsaya. Abin da na gane a tsayen nan shi ne: gidan ya rage amfani har ya kai ga tsohuwa ta haƙura da ganin jikanta, amma matsalar tana nan. Ashe ba yawan mutane ba ne. Ban san ko mene ne ba, amma na san ba wannan ba ne.

Ranar Lahadi abokina ya zo bayan ya taso daga coci, da rigarsa ta zuwa coci da jakar kayan aiki. Na gaya masa duk abin da ya faru. Ya ce, "Oga ticha, mu daina canka. In wuta ya lalace a gida, ba na fasa bango duka. Ina cire komai, in mayar ɗaya ɗaya, har in ga wanda ya kawo wahala."

Muka ɗauko kwamfutar ƙanwata, da nauyinta da komai, muka kawo ɗakina. Muka cire dogon kebul, muka haɗa ta kai tsaye da rautata da gajeren kebul. Ta yi aiki. Muka kashe muka kunna, ta yi. Ke nan kamfani ba shi da laifi, kwamfutar ma lafiyarta ƙalau. Muka mayar da ita ƙurya, muka soka mata dogon kebul kai tsaye, ba tare da tsohuwar rautar ba. Ta yi aiki. Na kalli abokina na ce, "Kebul ɗin da ka yanke wa kai ne fa wannan." Ya ce, "Malam, bar tone-tone."

Saura abu ɗaya. Muka mayar da tsohuwar rautar a tsakani. Abin mamaki, komai ya ci gaba da aiki. Muka zauna muna kallon juna. Shafi na buɗewa, waya na kamawa, ba abin da za ka nuna ka ce ga laifi.

Ƙanwata tana zaune a bakin gado duk wannan lokaci, da littafi a cinyarta. Sai ta ce, "Ku kashe wutar gidan gaba ɗaya, ku sake kunnawa."

Na ce don me? Ta ce, "Ni ce ke wuni da abin nan. Ba ya lalacewa haka kawai. Sai an ɗauke wuta an dawo da ita, ko an juya zuwa janareto. Ranar gwaji ma haka aka yi." Na ce me ya hana ta faɗa tun tuni. Ta ce ta faɗa, lokacin ina ɗaure rauta da igiyar takalmi, na ce mata ruwan sama ne.

Abokina ya je ya kashe babban makunnin wuta, ya ɗan jira, ya mayar. Muka tsaya muna kallo. Fitilun tsohuwar rautar suka kama nan da nan. Na leƙa ɗakina, tawa kuwa tana can tana ta ƙyafta ja, tana neman sabis. Kwamfutar ta tashi, ta nuna an haɗa, shafi ya ƙi buɗewa. A karon farko mun jawo matsalar da hannunmu. Ban taɓa jin daɗin ganin abu ya lalace irin na ranar ba.

Amma sanin lokacin da ciwo ke tashi daban, sanin maganinsa daban. Daga ni har abokina ba wanda ya san abin da ke cikin akwatin nan. Na fita zaure inda wayata ke kama sabis da kanta, muka nemo wani bidiyo da ke bayanin haɗa rauta biyu a gida ɗaya. Mai bayanin yana sauri, muna tsayar da shi muna mayarwa baya. Ya ce a duba bayan rauta, akwai wata lamba a rubuce, in aka buga ta a kwamfuta za ta buɗe shafin saiti. Muka juya tsohuwar, muka kwafi lambar. Na je na juya tawa. Lamba iri ɗaya ce, ba bambancin ko ɗigo. Da muka buga ta, wani lokaci shafin tawa ya buɗe, wani lokaci na tasa.

Daga nan bayanin ya zauna mana. Duk waya ko kwamfutar da ta shigo, rauta ce ke ba ta lambar zama, ta kuma nuna mata ta inda za ta fita zuwa intanet. A gidanmu akwai rauta biyu, kowacce tana wannan rabo, kuma suna amsa suna ɗaya. Tawa ce mai sim, ita ke da hanyar fita. Tsohuwar ba ta da komai sai kebul ɗin da muka ba ta. In an dawo da wuta, tsohuwar kan riga tashi, ta raba wa kowa lamba, ta ce ta wajena za ku fita, alhali ba inda take kaiwa. Wanda ya yi sa'a ya karɓi lamba daga tawa, sai ya samu intanet. Shi ya sa abin yake zuwa yana tafiya, kuma shi ya sa kashewa da kunnawa kan gyara shi wani lokaci.

Gyaran bai kai wahalar neman ba. Muka cire dogon kebul don mu tabbata da tsohuwar muke magana, muka shiga saitinta, muka canza mata lamba ta daban, muka kashe wurin da ke sa ta rabon lambobi. Ni nake dannawa, abokina yana tsaye a kaina yana cewa, "A hankali, kar ka taɓa wancan." Muka mayar da kebul a ramin da yake, cikin jerin ramukan nan masu launi ɗaya. Tun daga nan aikinta ya koma miƙa abin da tawa ta aiko kawai, ta kebul ga kwamfuta, ta waifai ga wayoyi.

Muka kashe wutar gidan muka kunna. Ta ɗan jira tawa ta gama tashi, sai shafi ya buɗe. Muka sake. Muka sake kuma, har mahaifiyata ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce za mu ƙona mata firji. Abokina ya ce ko da yake an gyara, kada mu bar rautocin su riƙa mutuwa in an ɗauke wuta, don mintocin da tawa ke ɗauka kafin ta kama sabis ma haɗari ne. Washegari ya aiko da ƙananan batura biyu, irin waɗanda ke riƙe rauta in wuta ta tafi.

Ranar jarrabawa ruwa aka tashi da shi. Tun kafin a fara na raba gidan da wutar gari na tayar da janareto, na kai shi can bayan zaure na rufa masa kwano, don kada a ɗauke wuta a tsakiya kwamfutar ta mutu. Ƙanwata ta shiga ta rufe ƙofa. Ni na zauna a ɗakina na zuba wa fitilar rauta ido, kamar kallona ne ke riƙe ta. Mahaifiyata na kan darduma da carbi. Abokina ya kira daga shago ya fi a ƙirga, kullum tambayar ɗaya: "Yana tafiya?"

Bayan azahar ta buɗe ƙofa ta fito tana miƙa. Na ce yaya? Ta ce, "Tambaya ta ƙarshe ta ba ni wuya." Na ce intanet fa? Ta ce, "Au, na ma manta da ita." Ta wuce kicin neman abinci.

Ta ci wannan takardar. Akwai wata da ta rubuta daga baya ta faɗi, ba ruwan intanet a ciki, ta sake ta ta wuce. Yanzu tana aiki, tana da gidanta da 'ya'yanta.

In na tuna lokacin, abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda na yi ta yanke hukunci kafin in gwada komai. Kamfani, ruwan sama, yawan jama'a, duk na faɗe su da ƙarfin murya, kuma saboda ni ne mai rauta aka yarda. Wadda ke wuni da abin a gabanta ta riga ta ga amsar, ban saurara ba. Tun daga nan, ko a makaranta, in abu ya rikice nakan fara da tambayar wanda ya fi kusa da shi: yaushe yake faruwa? Sannan in cire komai in mayar ɗaya bayan ɗaya. Ga wanda ya yi mini tambaya jiya kuma, amsarka ke nan: ja kebul, sa rauta ta biyu, amma ka canza mata lamba, ka hana ta rabo. Mai rabo ɗaya ya isa gida.

Abokina yana nan da shagonsa, ya ƙara faɗaɗa shi. Kwanakin baya na je bikin 'yarsa, ya kama hannuna yana zagayawa da ni cikin danginsa da suka zo daga kudu. Duk wanda muka tsaya a gabansa sai ya ce, "Wannan abokina ne, injiniya ne na intanet." Na buɗe baki zan ce labarin ƙasa nake koyarwa, sai wani kawunsa ya zaro waya daga aljihu ya miƙo mini, ya ce tun da ya iso Jos ta ƙi kamawa. Na karɓa, na gyara tabarau, na kashe ta na kunna. Ta kama.